Filin Tambaya da Amsa: Sinadaran Fotasiyam Masu Daidaita Tsamin Abinci

Tambaya: Assalamu alaikum. A bayan ledar taliyar da nake dafa wa yara, irin wadda muke kira indomi, na ga an rubuta "acidity regulator" da lamba 501. Na sake cin karo da lambar a gwangwanin garin cakuletin da muke haɗa shayi da shi. An kuma turo mana saƙo a WhatsApp cewa duk abin da ke ɗauke da lambar E ko dai guba ne ko kitsen alade. Mene ne gaskiyar lamarin? *Maman 'yan biyu, Funtuwa*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Harafin E ba ya nufin alade kuma ba ya nufin guba. Alama ce da Tarayyar Turai ke sa wa sinadarin da ta bincika ta amince a zuba shi cikin abinci. Hukumar Codex, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma, tana amfani da kusan lambobin nan ba tare da harafin ba, shi ya sa a ledarki kika ga 501 zalla.

Lamba 501 ita ce fotasiyam kabonet da ɗan'uwansa baikabonet. Farin gari ne mai ɗabi'a irin ta kanwa, wato yana kashe tsami, shi ya sa aka rubuta "acidity regulator", ma'ana mai daidaita tsami. Daga ma'adinin da ake haƙowa a ƙasa ake sarrafa shi, musamman a Kanada da Rasha da Belarus, babu wata dabba a cikin harkar. A taliya aikinsa shi ne ya ƙarfafa danƙon fulawa, shi ne ke sa silin taliyar ya yi tsalle a baki maimakon ya caɓe, kuma shi ke fito da ɗan launin ɗorawar nan ko ba a sa ƙwai ba. Mutanen Sin da Japan sun daɗe suna kwaɓa taliyarsu da irin wannan ruwa. A garin cakuleti kuwa, ɗanyen koko yana da tsami da bauri, sai a jiƙa shi da wannan sinadari ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya kwanta, ya kuma fi saurin gauraya da ruwa. Dabarar ta fito ne daga Holan tun ƙarni na 19.

'Yan gidan suna da yawa. Lamba 332 fotasiyam sitiret ne, ana samun sa a lemon kwalba da garin lemon da ake damawa. Lamba 340 fotasiyam fosfet ne, yana hana madarar gwangwani da farin garin da ake zuba wa kofi guda-guda idan zafi ya taɓa su. Akwai 336 da 525 da za mu yi bayaninsu a gaba, akwai kuma 261 da 326 da aka fi sa wa sarrafaffen nama.

Mu yi lissafi a kan taliyar taki. Abin da ake zubawa ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin fulawa. Mu ƙaddara an cika hannu, an sa rabin kashi ɗaya cikin ɗari a ƙunshi mai giram 70. Giram 0.35 ke nan, kuma ɗan abin da ya haura rabinsa ne fotasiyam, wato kimanin miligiram 200. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da fiye da miligiram 400. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2012, ta ce babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3,510 a yini, domin yana taimakawa wajen sauke hawan jini. Kin ga ashe ga mai lafiyar ƙoda wannan ɗan adadin ba abin fargaba ba ne, shi ya sa kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya bai yanka wa kabonet da sitiret iyakar da za a ci a yini ba. Fosfet ne aka yi wa iyaka: a 2019 hukumar kula da abinci ta Turai ta tsayar da miligiram 40 na fosfaras a yini ga kowane kilo na nauyin jiki.

Idan akwai abin da ya kamata ya tsaya miki a rai game da wannan taliya, to gishirin da ke cikin ƙaramar ledar ɗanɗano ne. Ƙunshi ɗaya kan kusanci rabin sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, da aka ƙayyade wa babba a yini guda, balle yaro. Ki riƙa zuba rabin ledar, ki yanka albasa da karas da ganye a kai.

Tambaya: A makaranta an koya mana cewa kanwa ita ce "potash". To ke nan abin da kamfanoni ke zubawa kanwa ce kawai? Kuma mahaifiyata ta fi son ruwan toka a miyar karkashi, tana cewa ya fi kanwa lafiya. Wanne ne daidai? *Wani ɗalibi, Azare*

Amsa: Malam, nan ne sunan ya ruɗa mutane da yawa, har da wasu masu rubuta littattafan makaranta. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga da sauran fadamun Nijar, ja ce ko fara ko ungurnu, galibin abin da ke cikinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, gauraye da gishiri da yashi da laka. Fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Ta fi kusa da hodar sodar da ake sa wa kek, wato lamba 500, fiye da lamba 501.

Ruwan tokar Mama shi ne ainihin ɗan'uwan 501. Idan aka ƙone karan dawa ko na gero, fotasiyam ɗin da shukar ta zuƙa daga ƙasa yana zama cikin tokar. A zuba tokar a tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma, a kwarara ruwa a kai, abin da ke ɗiga ƙasa ruwa ne mai launin shayi, mai santsi a tsakanin yatsu, kuma mafi yawan abin da ya narke a ciki fotasiyam kabonet ne. Turawa ma daga tokar tukunya suka raɗa wa fotasiyam suna, bayan da Humphry Davy ya ware shi a Ingila a 1807. Harafin K da ake rubuta shi da shi a kimiyya kuwa asalinsa kalmar Larabci ce da ke nufin tokar tsirrai.

Aikinsu a tukunya ɗaya ne. Suna sassauta bangon ƙwayar wake ya nuna da wuri, suna ƙara wa kuɓewa da karkashi yauƙi, suna tsare koren ganye kada ya koɗe, suna kashe tsamin yakuwa. Ka lura da tukunyar yakuwa lokacin da aka ɗiga mata ruwan kanwa: take za ta taso da kumfa tana shuu, jan ruwan ya juya ya yi duhu. Kumfar iskar da ke fita ce yayin da tsami da kanwa suka ci karo.

Wanne ya fi lafiya, ya danganta da mai ci. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, kanwa ce ta fi yi masa illa, domin sodiyam ne a kan sodiyam, ga gishiri ga magi ga kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kunun kanwa da yawa haɗe da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma har gobe mai jego mai kumburin ƙafa ko haki ba ta da abin yi da kunun kanwa. Mai ciwon ƙoda kuma toka ce ta fi zame masa haɗari, kamar yadda za ka gani a amsa ta gaba.

Matsalar duka biyun ita ce babu awo. Kamfani yana auna abinsa da sikeli, ita kuwa toka ƙarfin ta yau daban da na jibi. Idan ta yi yawa miya za ta yi ɗanɗanon sabulu, tana lalata bitamin C da bitamin B1, wanda wake ke da shi da yawa, kuma tana cin tukunyar alminiyam har cikinta ya yi baƙi ya yi rami-rami. A tace ta da kyau, a riƙa zubawa cokali-cokali ana ɗanɗanawa. Kada a taɓa amfani da tokar murhun da aka jefa wa leda ko roba ko katako mai fenti ko tsohon batir, domin dalma da sauran guba suna bin ruwan. Ga wake, jiƙa shi tun dare ya rage buƙatar kanwar sosai.

Tambaya: Mahaifinmu yana da ciwon suga da hawan jini, kwanan nan kuma likita ya ce ƙodarsa ta fara rauni. Yana shan lisinopril. Wani ɗan'uwa ya kawo masa gishirin masu hawan jini daga kantin magani. Za mu iya sa masa a abinci? *Hajiya, Unguwar Rimi, Kaduna*

Amsa: Hajiya, don Allah a ajiye wannan gishiri, kada a sa wa Baba ko ɗan tsunkule har sai likitansa ya gani da idonsa. Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a cikin wasiƙun wannan mako.

Gishirin da ake kira na masu hawan jini an rage masa sodiyam ne aka cike gurbin da fotasiyam kulorayid, lamba 508. A wasu nau'o'in kashi ɗaya cikin huɗu ne, a wasu kuma har kashi biyu cikin uku. Fiye da rabin nauyin wannan sinadari fotasiyam ne tsantsa, saboda haka ƙaramin cokali ɗaya na nau'in mai ƙarfi zai iya ɗaukar abin da ya haura miligiram 1,500. Ga mai lafiyar ƙoda abu ne mai amfani. Wani babban gwaji da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, da mutane kusan 21,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Amma masu ciwon ƙoda mai tsanani ba a sa su cikin gwajin ba, kuma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 a kan irin wannan gishiri ba ta haɗa da masu raunin ƙoda da masu ciki da ƙananan yara ba.

Dalili shi ne ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin ɗari na fotasiyam ɗin da jiki bai buƙata, ta hanyar fitsari. Idan ta yi rauni sai ya fara taruwa a jini. Lisinopril kuma, duk da yana kare ƙoda, yana rage fitar da shi, haka ma enalapril da losartan da spironolactone. Ciwon suga ma yana ƙara nasa. Ga Baba an haɗu uku ke nan. A awon jini, daidai adadin fotasiyam shi ne tsakanin 3.5 da 5.0. Daga 5.5 likita zai ɗauki mataki, daga 6.5 kuwa maganar gaggawa ce, domin bugun zuciya da wannan sinadari yake tafiya, idan ya yi yawa sai bugun ya rikice, har zuciya ta tsaya. Wani zai ji kasala da nauyin ƙafafu da mutuwar yatsu ko faɗuwar gaba. Wani ba zai ji komai ba sai dai a ga ya yanke jiki ya faɗi. Don haka ba a jiran alama, awon jini ake yi, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan an fara magani ko an ƙara yawansa. Idan sakamako ya fito da yawa alhali mutum garau yake, a kan sake ɗiban jinin, domin jinin da ya daɗe a kwalba ko aka matse hannu sosai wajen ɗibansa kan ba da lambar da ta fi ta gaskiya.

A nan ne ƙananan lambobin bayan gwangwani ke da muhimmanci. Fotasiyam ɗin da ke cikin wake ko ganye yana kulle cikin ƙwayoyin shukar, hanji ba ya tsotse shi duka. Wanda kamfani ya zuba kuwa narkakke ne, kusan duka yake shiga jini. Ga Baba, a riƙa duba 326 da 332 da 340 da 501 da 508 a kan tsiran nama da naman gwangwani da garin lemo da abincin da aka rubuta an rage masa gishiri, a rage su matuƙa. Lamba 340 ta haɗa abu biyu da ƙoda mai rauni ba ta so, fotasiyam da fosfaras. A daina sa masa ruwan toka. Doya da dankalin Turawa a fere, a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa a zubar da ruwan, wannan yana fitar da kaso mai tsoka. Dabino da ayaba da ruwan kwakwa da tumatirin gwangwani, likita ko mai ba da shawarar abinci ne zai faɗi adadinsu gwargwadon sakamakon jininsa, kada a haramta masa su da ka. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da Septrin, da ruwan maganin nan na zafin fitsari da ake kira Mist Pot Cit, wanda shi kansa fotasiyam sitiret ne, kada ya sha ko ɗaya ba da sanin likita ba. Allah Ya ba shi lafiya.

Tambaya: Ina sana'ar zoɓo a gora, ina yin kimanin lita 40 a rana. Masu saye suna kukan tsami, suga kuma ya yi tsada. Wata ta ce in sayi "potash" a wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu in ɗan zuba. *Wata mai sana'a, Gusau*

Amsa: Malama, abin da masu kayan sabulu ke sayarwa da wannan suna galibi fotasiyam haidiroksayid ne na masana'anta, mai kama da farin ɓawo, ɗan'uwan soda mai ƙuna. Gaskiya ne akwai nau'insa na abinci, lamba 525, amma kamfanoni ne ke amfani da shi da na'urorin awo, kuma an tace shi daga ƙarafa masu guba. Na kasuwa yana ƙone fata, yana makantarwa, yaron da ya haɗiye shi kuma maƙogwaronsa kan ƙone ya tsuke har abinci ya kasa wucewa. Kada ya shiga ɗakin girkinki. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha irinsa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko lemon tsami, a kurkure masa baki da ruwa a garzaya asibiti da ledar abin a hannu.

Abin da ya dace da aikinki shi ne fotasiyam sitiret na abinci, lamba 332, daga masu sayar da kayan burodi da lemo, cikin mazubi mai sunan kamfani da ranar lalacewa. Yana tausasa kaifin tsami ba tare da ya kashe shi gaba ɗaya ba. Kafin nan ki gwada hanya mafi sauƙi, wato ki rage yawan zoɓon ko ki rage lokacin tafasa, domin daɗewa a wuta na ƙara fito da tsami da bauri.

Idan za ki yi amfani da sitiret, kina buƙatar ƙaramin sikeli mai auna giram da na'urar auna tsami da ake kira pH mita. Takardar gwaji ba za ta yi miki ba, jan zoɓo yana rina ta. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14, ruwa zalla yana kan 7, kuma ƙanƙantar lamba ita ce yawan tsami. Zoɓo yakan tsaya wajajen 2.5 zuwa 3. Ki ɗebi lita ɗaya, ki narkar da rabin giram a ɗan ruwan ɗumi, ki juye, ki gauraya, ki auna, ki ɗanɗana. Idan bai yi ba ki ƙara wani rabin giram. Ki tsaya tsakanin 3.2 da 3.8. Adadin da ya yi miki a lita ɗaya shi za ki ninka sau 40, ki rubuta shi a littafi, ki kuma sake gwaji duk lokacin da kika canza buhun zoɓo. Giram ɗaya a lita yana ƙara kimanin miligiram 180 na fotasiyam a gorar rabin lita, ki rubuta shi a jikin takardar gorar saboda masu ciwon ƙoda.

Kada ki bari lambar ta haura 4. Tsamin nan da ake kuka da shi shi ne ke tsare miki kaya. Daga 4.6 zuwa sama ƙwayoyin cuta masu haɗari suna iya rayuwa a rufaffiyar gora, har da mai haddasa shanyewar jiki. Maganin hana lalacewa irin su fotasiyam sobet, lamba 202, shi ma sai da tsami yake aiki sosai, kuma shi aikinsa hana fumfuna da tsimuwa ne, ba ya rage tsami. A Turai iyakarsa a lemo miligiram 300 ne a lita. Alamar kin zarce wajen kashe tsami ita ce launi: ja mai haske zai koma shuɗi-shuɗi mai duhu, ɗanɗano ya yi lami, gora ta fara kumbura kafin kwana biyu. Wannan ne ma ya sa zoɓon da aka kashe da kanwa ba ya kwana.

Tambaya: Shin wannan ne sinadarin da NAFDAC ta hana sawa a burodi? *Mai gidan burodi, Katsina*

Amsa: A'a, Alhaji. Wancan fotasiyam buromet ne, kuma ba ya cikin masu daidaita tsami. Ana sa shi ne don burodi ya tashi ya yi girma a ido. Illarsa daga ɓangaren buromet take: ya haddasa ciwon dajin ƙoda a dabbobin gwaji, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo daji ga ɗan Adam. Ingila ta hana shi a 1990, a Najeriya kuma an tsananta yaƙi da shi a zamanin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ke shugabancin NAFDAC, kuma haramcin yana nan. Bitamin C, lamba 300, yana yin wannan aiki na ƙarfafa kwaɓi, kuma an yarda da shi. Duk garin gyaran burodin da aka kawo maka ba suna ba lambar rajista, mayar wa mai shi.

Tambaya: Ina yin kek na sayarwa. An ce "cream of tartar" daga giya ake samun sa. Ya halatta? *Wata matashiya, Maraɗi*

Amsa: Asalin maganar gaskiya ne, 'yar'uwa. Wannan gari, lamba 336, gishiri ne da ke cikin inabi tun yana kan reshe. Lokacin da ake tsima inabi a ganga, sai ya daskare a jikin gangar kamar ƙanƙara, a kankare shi, a narkar, a tace, a busar. Farin garin da ya iso hannunki babu barasa a cikinsa kuma ba ya sa maye. Hukumomin tantance halal da dama sun amince da shi bisa cewa ya tsarkaka ya zama wani abu dabam, wasu malamai kuma suna ganin a nisance shi saboda inda ya fito. Hukuncin na malamai ne, ki kai musu wannan bayani yadda yake, ko ki nemi mai tambarin halal.

Idan kin zaɓi barin sa, aikinki ba zai tsaya ba. Wajen buga farin ƙwai, ɗan ruwan lemon tsami yana riƙe kumfa kamar yadda yake yi, kimanin rabin ƙaramin cokali ga farin ƙwai biyu. Wajen tashin kek kuwa, inda ake haɗa kashi biyu nasa da kashi ɗaya na hodar soda, bakin fauda na gwangwani ya wadatar, yawancinsu ma da fosfet ake haɗa su, sai ki duba bayan gwangwanin. Abu ɗaya da za mu ja kunne a kai shi ne masu dama shi a ruwa su sha da sunan wankin ciki. Ƙaramin cokali ɗaya yana da kusan miligiram 500 na fotasiyam, kuma likitoci sun rubuta labarin matasa masu ƙoshin lafiya da aka kwantar a asibiti bugun zuciyarsu na neman rikicewa bayan sun sha manyan cokula da dama a zama ɗaya.